Tarla mai juyewa da hannu: abin da na bar wa yaran gareji

A wannan watan na miƙa makullin akwatin kayan aiki bayan shekara 11 a wani garejin walda a Sinnar, a ƙasar Sudan. Yaran da suka rage sun roƙi in rubuta musu yadda ake lissafin tarla (ƙaramar tirelar da ake ja) mai juye kaya da hannu, wadda masu kamina (wurin gasa bulo) da masu hawasha (gona) suka koma nema tun da yaƙin 2023 ya sa jaz (man dizal) ya yi wuya, hayar gallab (motar tifa) kuma ta fi ƙarfin mai ƙaramin aiki. Yankan ƙarfe da kama walda duk sun iya, ba sai na faɗa ba. Zan fi tsayawa a kan kuskure ɗaya, don har yau ina jin sa a raina.

Mai saye yana zuwa da zancen faɗi da tsawo, kai kuma mai ƙira nauyi ne aikinka. Akwati mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.2, zurfin santimita 40 yana cin kusan mita kubik ɗaya. Busasshen yashi a cikinsa ya kai tan ɗaya da rabi. Tsakuwa ma kusan haka. Yashi jiƙaƙƙe ko lakar bakin kogi tana kusantar tan 2. Busasshiyar zibala kuwa, wato kashin dabbobi, wadda masu bulo ke cuɗawa da laka, da wuya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin yashi. Saboda wannan rashin nauyin ne mai kamina zai ce maka, "Ya Usta, sa mini aljihun katako a gefe, zibala kawai zan riƙa ɗauka." Ka walda aljihun, ya kafa katako na santimita 30, akwatin ya koma mita kubik 1.7. Ranar da zibala ta ƙare, laka ce za ta shiga, har baki. Tan 3 da ɗoriya ke nan a kan abin da aka lissafa wa tan ɗaya da rabi. Ni na walda irin wannan aljihun, na kuma yarda da maganar mai saye. Wannan ɓangaren laifina ne, ban taɓa musu ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne wincin, wato na'urar da ke naɗe igiya ta ɗaga akwatin. Winci na hannu iri biyu ne a kasuwa, kuma a ido kamar ɗaya suke. Akwai mai harshe kawai, wanda ke kama haƙoran gargare yana ƙas-ƙas in kana naɗewa. An yi shi ne don jan abu a kwance, kamar jawo kwale-kwale bakin gaɓa. Akwai mai birki a cikinsa, wanda in ka saki hannun yake tsayawa da kansa, in kuma za ka sauke kaya sai ka juya hannun baya a hankali. Na biyun ne kaɗai ya dace da ɗaga akwati. Na farkon ya fi araha, shi maigida ya sayo, na ce bai yi ba, aka ce mini ai duk winci winci ne. Da wincin ya karya wa wani yaro hannu, a gaban mai tarlar, maganar da ta fito daga bakin maigida ita ce aikin usta ne, wato ni mai ƙira. To, Allah ya sani.

Ga yadda abin ke faruwa, don ba sau ɗaya zai faru ba in dai ana ci gaba da ƙira irin wannan. Busasshen yashi yana fara zamewa tun akwatin na wajen digiri 30 zuwa 35. Lakar kogin Bahar Azrak (Shuɗin Nilu) ba ta yin haka. Tana manne wa farantin ƙasa kamar tuwo a tukunya, sai akwatin ya kai digiri 45 ko 50 ba ta motsa ba. Mai juya hannu ya kai digiri 30, hannun ya yi masa tauri, kaya bai zube ba, sai ya ce bari ya sauke ya rage da shebur. A wannan tsayin kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyin ɗagawar yana nan rataye a igiya. Don ya sauke dole ya ɗage harshen. Da ya ɗage, babu abin da ke riƙe da akwatin sai damtsensa. A winci mai giya biyar da ɗaya, hannu mai tsawon santimita 25, igiya ta naɗu har kaurin gargaren ya kai santimita 4 daga tsakiya, kaya na kilo 1,400 yana turo hannun da ƙarfin kilo 45. Tafin hannu da gumi, ƙafa a kan laka. Hannun ƙarfen ya kuɓuce, ya juya da gudun da ido ba ya bi, ya sami yaron da ke juya shi a tsintsiyar hannu. Ƙashi biyu suka karye. Yaron ɗan shekara 17 ne, kuma ba shi ya loda ba.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a kunna injin walda ba shi da wuya. In hinjin yana can ƙarshen baya, kaya kuma a baje daidai, ɗaga gaban akwati yana buƙatar rabin nauyin duka. Yashi kilo 1,500 da akwati kilo 250, rabinsu kilo 875. In ka matso da hinjin gaba da santimita 40, tsakiyar nauyi ta koma santimita 60 daga hinji, wurin ɗagawa mita 1.6, sai ƙarfin ya sauko wajen kilo 650. Sauƙi ne babba, amma yana da farashi: wutsiyar akwatin za ta sauka santimita 28 in an kai digiri 45, don haka sai ka tabbata ba za ta daki shasi ko ta nutse cikin tarin da ta zubar ba. Kada kuma a yi zarin matsowa. Hinji da ya kusanci tsakiya sosai yana sa akwati ya tashi da kansa a hanya in kaya ya taru baya, sai makullin gaba kaɗai ya rage tsakaninka da zubar da kaya a tsakiyar titi.

Duk wannan lissafin na ɗagawa ne a miƙe, sama sak. Igiya da ke ja a karkace tana ɗaukar fiye da haka: a digiri 45 ka ninka da 1.4, a digiri 30 daga kwance ka ninka biyu. Shi ya sa ginshiƙin da bakara (ƙaramar tayar da igiya ke bi ta kanta) ke kansa ba ya son gajarta. Gaban akwati mai mita 2 yana tashi mita 1.4 kafin ya kai digiri 45, yana kuma ja da baya kusan santimita 60. Ginshiƙin da bai wuce mita 2 ba daga shasi ba zai kai ka can ba, igiyar za ta miƙe daidai da akwatin, ta daina ɗaga shi. Mai tsayi fiye da haka nake yi, da tokara biyu zuwa ƙarfen ja. Masu saye ba sa son sa, wai yana kama reshe. Gara ya kama reshe.

Igiyar waya mai milimita 6, sabuwa, tana tsinkewa a wajen tan 2. Ba wannan ne abin da za ta ɗauka ba. Ana raba shi biyar, a sami kilo 400. Mai milimita 8 tana ba ka wajen kilo 700. Wato ko kayan da aka lissafa daidai, mai 6 a layi ɗaya ba ta isa ba. Magani shi ne a sa bakara ta biyu a jikin akwatin, igiya ta sauko ta zaga ta koma ta ɗaure a kan ginshiƙi. Nauyin igiya ya rabu biyu, nauyin hannu ma haka, sai dai juyin ya ninka. Bakara kada ta yi ƙanƙanta, faɗinta ya kai aƙalla sau 16 na kaurin igiya, in ba haka ba wayoyin suna karyewa ɗaya-ɗaya daga ciki. A bar naɗi uku a gargare ko akwatin na kwance. Maƙalan da ke ɗaure bakin igiya guda uku ne, lanƙwasasshen ƙarfen ya hau kan guntun bakin, sirdin ya zauna kan ɓangaren da ke ɗaukar kaya. Na sha ganin an juya su, har a garejinmu, kuma juyayyen maƙali yana murƙushe igiyar daidai inda ake buƙatar ƙarfinta.

Wanda ke da hali ya sa famfon haidurolik na hannu, ya huta da zancen hannu mai juyawa. Amma shi ma yana da tarkonsa, kuma a taƙin farko yake. Silinda mai faɗin ciki milimita 60, a matsin bar 150, tana tura tan 4 da ɗan kai. Mutum ya ji tan 4 sai ya saki jiki. In silindar tana kwance ƙarƙashin akwati da karkatar digiri 15 kacal, abin da ke tafiya sama kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, tan ɗaya da kaɗan. Sauran yana ƙoƙarin tsige hinji ne daga shasi. In kuma ta kama akwatin a tsakiya maimakon gaba, nauyin duka take fuskanta, ba rabi ba. Nan ne za ka ga ƙato yana rataye a hannun famfo akwati bai ɗaga ko yatsa ba. A saukar da gindin silindar ƙasa da shasi gwargwadon yadda aksul ya bari, a ƙara mata karkata. Da an wuce taƙin farko komai sai sauƙi yake ƙarawa. Silinda mai tafiyar santimita 60 tana shan mai lita 1.7, famfo mai ba da mililita 20 a bugu ɗaya zai so bugu 85. A faɗa wa mai saye wannan tun farko, kada ya dawo yana cewa famfo ya lalace. Man haidurolik kawai ake zubawa. Man birki yana cinye robobin, kuma shi ne abin da ke kusa da hannun kowane direba. Afrita, wato jak na ɗaga mota, irin mai kama da kwalba, yawancinsu ba sa aiki a kwance, kada a ɓata walda a kanta.

Wurin juyewa ma yana kashe tarla, ko an ƙera ta daidai. Akwati a sama da laka manne a gabansa, nauyi ya koma can bisa. Taya ɗaya ta ɗan nutse a gefen tur'a (magudanar ban ruwa) ko a baƙar ƙasar nan da ke laushi da ruwan farko, sai duka ta kife gefe, ta murɗe hinji. A nemi wuri daidai, a sa weji a taya biyu. Kuma ba a juyewa in an kwance tarla daga abin da ke jan ta: da kaya ya gangara baya, ƙarfen ja yana tsalle sama. Fil ɗin maƙalar da ke haɗa tarla da abin ja ya kasance da abin kulle shi a ƙasa. Mai ja da ƙaramin abin hawa ko dabba sai an yi masa ƙafafu biyu masu saukowa a baya, in ba haka ba kayan zai ɗaga abin da ke gaba.

Sauran ƙanana ne. Ƙofar baya a buɗe ta kafin a fara ɗagawa, don in kaya ya jingina da ita sakatar ba ta fita. Hinjinta a sama ya fi wa yashi, mai cirewa gaba ɗaya ya fi wa zibala da ke fita dunƙule. Akwatin ya fi faɗi a baya da santimita 5, kaya na sakin jikinsa da wuri. Farantin ƙasa milimita 3, haƙarƙarin ƙarfe a ƙarƙashi kowane santimita 40, walda kuma a ƙasa, kada a bar tudu a ciki inda laka za ta kama. Kafin lodin laka a watsa busasshen yashi shebur biyu uku a ƙasan akwati. Aksul ya zauna yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyi zai hau maƙala; ƙasa da haka tarla na kaɗa wutsiya a hanya. Fil ɗin hinji milimita 25, a cikin bututu mai kauri, da kan giris. Zibala na cin ƙarfe, a wanke. Boris da sifirin a saye su don kayan da ya fi nauyi.

Tokarar tsaro kuwa ba a sayar da tarla babu ita: ƙarfe mai hinji a shasi, da gurbin da zai zauna a ƙasan akwati. Ba a sa kai ko hannu tsakanin akwati da shasi sai tana tsaye, akwatin kuma babu kaya. Bawul ɗin saukewa na iya yoyo, harshen winci na iya tsallake haƙori da ya cinye. Guntun itace da ake tokarawa da shi yana zamewa a kan ƙarfe mai giris.

Tarla bakwai na ƙarshe da suka fita ta hannuna duk da winci mai birki suka fita, da bakara biyu, babu aljihun katako ko ɗaya. Biyu daga cikin masu su sun je wani wuri an walda musu aljihun, na gani da idona a hanyar Maiurno. A jikin kowace, ta gefen da mai lodi ke tsayawa, na ja layin walda a ciki a tsayin santimita 30, na rubuta "laka" da Larabci a samansa. Wanda zai ci gaba da ƙira a garejin ya riƙa jan layin da walda, fenti ba ya kai wata biyu a cikin akwatin yashi.