Chowdeck da lissafin oda ɗaya: bayanin mai ƙaramin kamfanin kai abinci a Kano

A watan Disambar 2023 manyan kamfanoni biyu suka janye daga sana'ar kai abinci a Najeriya kusan lokaci guda. Bolt Food, reshen kamfanin Bolt na ƙasar Estoniya, ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar, ita kuma Jumia, kamfanin sayayya ta intanet, ta sanar da rufe sashenta na kai abinci, Jumia Food, a ƙasashe bakwai, wato Najeriya, Kenya, Uganda, Maroko, Tunisiya, Aljeriya da Kwaddibuwa. Jumia ba ta ɓoye dalili ba, domin ta bayyana cewa wannan ɓangare bai taɓa kawo riba ba tun da aka kafa shi, duk da cewa shi ne ke ba da kusan kashi 11 cikin ɗari na cinikin da ake yi a dandalinta. A daidai wannan lokaci wani kamfani ɗan gida da bai daɗe da cika shekara biyu da kafuwa ba, mai suna Chowdeck, yana ta faɗaɗa aikinsa a Legas da Abuja. Ina da ƙaramin kamfanin kai abinci a Kano, wanda baburansa ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba, kuma tun daga lokacin nake bin labarin Chowdeck, saboda lissafin da ya kayar da waɗancan ya kuma ɗaga wannan shi ne wanda nake yi kowane dare idan yarana sun ajiye babura.

An kafa Chowdeck a Legas a shekarar 2021, kuma mutum uku ne suka kafa shi: Femi Aluko, Olumide Ojo da Lanre Yusuf. Aluko, wanda ke shugabantar kamfanin, injiniyan manhaja ne da ya yi aiki a Paystack, kamfanin da ya yi suna wajen sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet a ƙasar nan. A 2022 suka samu shiga shirin Y Combinator na Amurka, wanda ke tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da jari da shawara. A watan Afrilun 2024 suka sanar da samun jarin dala miliyan 2.5, a lokacin suna aiki a birane takwas da suka haɗa da Ibadan, Fatakwal, Ilori, Benin, Abekuta da Asaba, da masu kai saƙo sama da 3,000. A 2025 suka tsallaka zuwa Accra ta ƙasar Gana, suka sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Mira da ke samar wa gidajen abinci manhajar lissafin ciniki, sannan a watan Agusta suka sanar da ƙarin jarin dala miliyan 9 ƙarƙashin jagorancin Novastar Ventures. Wannan ke nan a taƙaice, kuma ba batun jari ne ya fi ɗaukar hankalina ba, domin Jumia Food, wadda ta faro da sunan Hellofood a hannun kamfanin Rocket Internet na Jamus kafin a sauya mata suna a 2016, ta fi su kuɗi nesa ba kusa ba, amma kuɗin bai hana ta rufewa ba bayan kimanin shekara goma tana aiki.

Wanda bai shiga sana'ar ba yakan ɗauka manhajar da ke cikin waya ita ce kasuwancin. Manhaja tana da amfaninta, amma riba da faɗuwa suna kan titi ne, tsakanin inda aka zuba abinci a roba da ƙofar gidan da za a miƙa shi. Kowace oda tana shigo da kuɗi ta hanya biyu kacal: kamashon da mai abinci yake bari daga cinikinsa, da kuɗin kai kaya da mai oda yake biya. Daga cikin waɗannan ne za a fitar da rabon ɗan aike, da fetur, da baƙin mai, da gyaran taya da sarƙa, da katin waya, da albashin wadda ke zaune a ofis tana amsa kira tana rarrashin wanda abincinsa ya makara. Idan babur ya ɗauki shinkafa kwano ɗaya daga Zoo Road ya kai Rijiyar Zaki, sannan ya dawo fanko, an yi faɗuwa ko da mai oda ya yi godiya ya sa albarka. Idan kuwa babur ɗin nan ya ɗauki oda uku daga gidan abinci ɗaya ya kai wa ma'aikata a Asibitin Malam Aminu Kano, ya kuma samu wata odar a kan hanyar dawowa, to ranar ta yi kyau. Saboda haka yawan masu oda a faɗin gari ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne su taru a unguwanni makusanta, a lokuta makusanta, kusa da masu dafa abincin da suke so.

A fahimtata, nan ne Chowdeck ya bambanta. Kamfanonin da ke da kuɗin masu zuba jari sukan jawo mutane da rangwame da kai kaya kyauta, da tunanin cewa idan mutane suka saba za su ci gaba da biya bayan an janye rangwamen. Ɗan Najeriya kuwa ya iya lissafi, yana cin moriyar rangwamen har ranar da ya ƙare, sannan ya koma wurin mai abincin bakin layinsu. Shugabannin Chowdeck sun sha nanata cewa tun farko suna duba ko kowace oda tana biyan kuɗin kanta, kuma sun ba da muhimmanci ga saurin isar abinci, inda suke auna kansu da kimanin minti 30. Sun kuma jawo masu sayar da abincin gargajiya irin su amala da sakwara cikin manhajarsu tare da manyan gidajen abinci irin su Chicken Republic, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin ma'aikacin ofis ba zai ci kaza da dankalin turawa kullum ba, amma zai ci abincin da ya saba da shi sau biyar a mako. Akwai kuma abin da yanayi ya ba su: a watan Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, har kamfanin Gokada ya bar ɗaukar fasinja ya koma kai kaya, saboda haka lokacin da Chowdeck ya zo akwai matasa masu yawa da suka san titunan Legas, suka iya aiki da manhaja, suke kuma neman abin yi.

Mu a Kano an hana ɗaukar fasinja a babur tun watan Janairun 2013, kuma A Daidaita Sahu ne ya maye gurbin acaɓa, amma babur ɗin kai kaya bai zama sana'a sosai ba sai bayan kullen korona na 2020, lokacin da mutane suka ga cewa ana iya zama a gida a yi odar abu ya iso. Ni ma a wannan tsakanin na fara. Sai dai kasuwarmu ba irin ta Legas ba ce, kuma duk wanda ya kwafo tsarin can ya dasa a nan ba tare da gyara ba zai sha mamaki. Mafi yawan waɗanda muke ɗaukar abinci daga wurinsu ba su da shago ko allon suna. Matan aure ne da 'yan mata da ke dafa wa a cikin gidajensu, su tallata a Instagram da WhatsApp, daga masu waina da miyar taushe zuwa masu alkubus, sinasir, ɗan wake, dambun nama da kayan fulawa na biki. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun kaka da kakanni mata suna sana'a daga cikin gida, yara su ɗauki faranti su fita talla, su dawo da ciniki da yamma. Abin da ya sauya shi ne yanzu hoton abincin ne ke yawo a waya, babur ɗinmu kuma ya ɗauki aikin da ƙafar yarinya ke yi a da, ita kuma ta samu zama a makaranta, wanda ni a wurina yana cikin abubuwan da ke sa in ji daɗin sana'ar.

Aiki da irin waɗannan mata yana da ladubbansa, waɗanda babu manhajar da za ta koya wa ɗan aike. Ba ya shiga gida, sai dai ya tsaya a ƙofa ya yi waya, a aiko yaro da kayan; ba ya riƙe lambar Hajiya ya kira ta bayan an gama aiki; idan maigida ne ya fito, ya gaishe shi yadda ya kamata kafin ya ambaci oda. Na fi ɗaukar yaro aiki idan wani dattijon da na sani ya tsaya masa, kuma mako na farko yakan bi bayan wani tsohon hannu ne kawai yana kallo. Sai kuma matsalar kwatance, wadda ita ce ke cinye mana lokaci fiye da cunkoson Kantin Kwari ko na gadar Kabuga. A Nasarawa da Bompai akwai sunan titi da lambar gida, taswirar Google ma tana iya kai ka bakin ƙofa. A cikin birni kuwa da sababbin unguwannin bayan gari, adireshi shi ne a ce maka ka wuce masallacin Juma'a, ka shiga layi na biyu bayan mai shayi, ka nemi gida mai jan ƙofa kusa da injin markaɗe. Don haka muke da littafi, yanzu kuma mun mayar da shi cikin kwamfuta, inda duk gidan da aka taɓa kai wa kaya muke ajiye kwatancensa da alamar wurin a taswira. A ganina wannan rumbun kwatance shi ne dukiyar kamfanin da ta fi babura daraja, domin babur ana saya a kasuwa.

Shekarar 2023 ta gwada kowa a sana'ar, babba da ƙarami. A farkonta aka yi ƙarancin takardun naira saboda sauya fasalin kuɗi, wanda ya wahalar da jama'a, amma ya tilasta wa har dattawa koyon tiransifa, kuma daga nan ne muka samu damar kafa ƙa'idar cewa babur ba ya tashi sai alat ya shigo. Kafin haka yaro kan isa gida a ce masa an fasa, ko a ce maigida ya fita da kuɗin, abinci ya huce, mai dafawa kuma tana jiran kuɗinta. Bayan haka sai aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Faɗuwar darajar naira ta ninka kuɗin sabon babur Boxer da kayan gyaransa. A wannan yanayi ne Chowdeck ya bayyana cewa cinikin da ke bi ta manhajarsa ya haura naira biliyan ɗaya a wata, a Oktoban 2023, watanni biyu kafin manyan abokan hamayyarsa su rufe, suka bar shi da Glovo na ƙasar Sifen a matsayin manya a fagen. Mu kuma abin da muka yi shi ne raba gari shiyya-shiyya, kowace da kuɗinta, tare da daina karɓar odar da ta yi nisa da yawa sai idan mai ita ya yarda ya biya zuwa da dawowa. Wasu sun yi fushi sun tafi, amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Azumi shi ne lokacin da ake gane wanda ya iya aikin. Da rana babura suna kwance, sannan daga bayan La'asar oda ta riƙa shigowa kamar da bakin ƙwarya, kowa kuma yana son kayan buɗa-bakinsa su iso kafin a kira Magariba, a daidai lokacin da duk garin ke kan titi ana gaggawar komawa gida. Yaran da ke tuƙin su ma suna azumi cikin zafin rana, kuma sau da yawa a kan hanya suke shan ruwa da dabinon da muke saka musu a akwatin babur. Mun koyi rufe karɓar odar buɗa-baki tun da Azahar, mu jera su bisa unguwa, kowane babur ya ɗauki na layi ɗaya, kunu da zoɓo a ƙasa cikin jarka mai murfi, ƙosai da soyayyen abu a sama don kada tururi ya jiƙa su. Wata guda ne, amma cinikinsa yakan ɗauki nauyin watannin damina, lokacin da ruwa ke cika tituna, oda ta ƙaru, babura kuma su kasa fita.

Sabuwar alƙiblar da Chowdeck ya ɗauka da jarin 2025 ita ce buɗe ƙananan rumbunan ajiya a cikin unguwanni, inda ba a shiga sayayya sai dai 'yan aike su ɗauki kayan masarufi da magunguna su kai cikin gaggawa. Dalilin a fili yake ga mai sana'a: abinci yana da lokuta biyu ne a yini, rana da dare, babur kuwa yana buƙatar aiki a sa'o'in da ke tsakani. Mu ba mu da kuɗin buɗe rumbu, amma muna cike wannan giɓi da kai atamfa da leshi daga Kwari zuwa gidajen masu sayarwa a intanet, da kai saƙo tashar mota ga masu aika kaya Kaduna da Abuja da Maraɗi. A bana kuma mun fara yarjejeniyar wata-wata da wasu ofisoshi da makarantu masu zaman kansu, inda mai dafawa ɗaya ke shirya abincin rana na ma'aikata, babur biyu su kwashe shi a tashi ɗaya da misalin ƙarfe ɗaya, a biya kuɗin kai kaya gaba ɗaya a ƙarshen wata.