Koyon Italiyanci a Perugia, garin hawa da gangara

Zancen biza da jirgi ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, duk wanda ya taɓa bin wannan layin ya san sauran. Daga Roma na hau jirgin ƙasa zuwa Perugia, babban birnin yankin Umbria, a tsakiyar Italiya. Tasha tana gindin tudu, gari kuwa yana can ƙololuwa. Abin da ya haura da ni wani ɗan ƙaramin jirgi ne marar direba, Minimetrò, wanda aka buɗe a 2008. Ni Bakano, in ka cire Dala da Gwauron Dutse ban san wani tudu ba, sai ga ni a garin da ko ashana za ka saya sai ka hau matakala. Satin farko da ciwon ƙwauri na kwana.

Makarantar ita ce Università per Stranieri, jami'ar da aka kafa a 1925 don koya wa baƙi harshe da al'adun ƙasar. Tana cikin wani tsohon gidan masu sarauta, Palazzo Gallenga, daf da wata ƙofar gari ta dutse da aka gina tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ranar farko aka yi mana gwaji aka raba mu aji-aji, daga nan malama ba ta sake furta kalmar Ingilishi ba. In ba ka gane ba ta maimaita da hannu da ido da kafaɗa, har ka gane ko ka yi kamar ka gane. Ajinmu kuwa tarkace ne: 'yan Sin masu shirin karatun waƙa, Amurkawa 'yan hutu, wata 'yar Brazil da ta zo neman asalin kakanta, da wani limamin coci Inyamuri da zai wuce Roma karatu. Ni da shi a gida ƙila da gaisuwa kawai za mu tsaya, a can kuwa muka zama 'yan uwa, kullum tare muke kukan rashin barkono.

Harshen bai yi mini gardama yadda na zata ba. Yadda aka rubuta haka ake karantawa, suna ninka baƙi kamar yadda muke yi, suna kaɗa "r", sunayensu kuma da namiji da mace, abin da Bahaushe ya tashi da shi. Amurkawa na ta fama da laɓɓansu, ni malama sai yaba mini take. Inda aka kama ni shi ne aikatau. Kowane ɗaya da riguna kamar na amarya, na jiya daban, na ɗazu daban, na "da ma a ce" daban.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin mutanen nan. Kofi in ka sha a tsaye gaban kanta yuro ɗaya ne da 'yan canji. Ka ɗauki wannan kofin ka zauna a kujerar waje a dandali, kuɗi ya ninka ko ya fi. A gidan abinci kafin ka ci komai an riga an rubuta maka kuɗin zama, suna ce masa coperto, yuro biyu a inda muka saba zuwa. Ruwan sha sai ka saya, har a tambaye ka mai iska ko marar iska. Leda a kanti da kuɗinta, bayin tasha ma haka. Ina mai shayin unguwarmu da za ka kwana a bencinsa kana musun ƙwallo, ruwa kyauta, bashi kuma a rubuta! Na daina juya yuro zuwa naira a kaina tun da na ga abin zai hana ni cin abinci.

Tsohuwar da na kama ɗaki a gidanta ita ma haka take a kan wuta da ruwa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya suna Milan. Ka bar fitila a kunne za ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Shara kala-kala ce, takarda daban, roba daban, kwalba daban, kowace da ranar fitar da ita. Ba na'urar sanyaya ɗaki, ga zafin Yuli da ba ya wasa, fanka ma ni na saya. Na yanke hukuncin cewa na faɗa hannun marowaciya.

Sai Lahadi ta zo. Tun hantsi take kicin, da rana ta kira ni tebur. Aka fara da taliyar da ta murza da hannunta, na cinye na yi hamdala, ashe buɗe baki ne. Ga kaza, ga ganye, ga 'ya'yan itace, ga kofi, tana tsaye a kaina: "Ci, ɗana, ka rame. Mahaifiyarka za ta ce ban riƙe ka da kyau ba." Na ce, "Signora, wallahi ba wuri." Ta ƙara mini. Ko sisi ba ta taɓa sa wannan a kuɗin haya ba, kuma ba Lahadin da ta tsallake.

Umbria ƙasar alade ce, garin Norcia da shi ya yi suna, don haka sai da muka yi zama na musamman ni da tsohuwa. Da fari a ganinta yankan nan siriri da suke ci da burodi ba ya cikin lissafi. Da ta fahimta kuwa, ta fi ni tsanani. Da kanta take tsare mai gidan burodi ta tambaye shi ko ya sa kitsen alade, ta koma dafa mini waken ƙauyen Castelluccio ƙanana da wata gurasa da suke gasawa a kan faifai a cusa mata ganye da cuku. Burodinsu na yau da kullum lami ne, ba gishiri, kuma a teburin nan na ji dalilin da suke bayarwa. A 1540 Paparoma Paul na Uku ya ɗora harajin gishiri, mutanen Perugia suka yi tawaye, ya murƙushe su ya gina ganuwar Rocca Paolina a kan gidajen manyansu. Wai tun daga lokacin suka yi fushi da gishiri. Yau matakala mai tafiya da kanta ta ratsa cikin ganuwar, kana hawa kana wuce tsofaffin lungunan da aka binne. Faɗa ɗaya muka yi da tsohuwa, ranar da ta ga na kakkarya taliya zan yi ta da mai da yaji. Ta dafe ƙirji kamar an yi mutuwa. Har gobe ina kan bakana, tamu ta fi saurin shiga cokali.

Akwai wata takarda da na je karɓa a wani ofishi. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba, ya zubo magana da gudu, da na roƙi ya sassauta sai ya turo mini fasfo ta ƙarƙashin gilashi ya ce in dawo in na iya magana. Na ba tsohuwa labari da dare. Washegari ta sa takalmin fita ta ɗauki jaka ta ce mu je. Abin da ta faɗa masa ban kama ko rabi ba, amma na ga kunnensa ya yi ja, kafin a jima takarda ta fito har da "a sauka lafiya". Ashe can ma sai kana da wani.

Da yamma ɗalibai kan baje a matakalar babban cocin da ke dandali, gaban Fontana Maggiore, maɓuɓɓugar da aka gama a 1278, mutanen gari kuma su yi ado su yi ta kai da komo a babban titin Corso Vannucci ba inda za su. Magariba sai wajen tara, ga asuba da wuri, barci ya zama na ƙwace, balle da aka fara bikin kiɗa na Umbria Jazz. Gaisuwar sumbatar kunci na kauce mata da dafe ƙirji, ba wanda ya ji haushi. Karen da ke kwance ƙarƙashin tebur a gidan abinci ne dai ban taɓa sabawa da shi ba. Juma'a muna yi da 'yan Maroko da Senegal da Bangladesh, naman halal kuma a shagunan wajen tasha.

A kanti ba a ciniki, abin da aka liƙa shi za ka biya. Sai a kasuwar Asabar ta Pian di Massiano na huce. Wani ɗan Maroko ya sa mini takalmin fata yuro 35, na taya 20, ya rantse, na juya zan tafi, muka daidaita a 25. Duk da Italiyanci muka yi.

Na leƙa Assisi, na je tafkin Trasimeno inda Hannibal, sarkin yaƙin Carthage ta Arewacin Afirka, ya karya rundunar Rumawa. Florence cunkoso ne da tsada, ban daɗe ba. Zuwa 15 ga Agusta, ranar hutun Ferragosto, gari ya watse, shaguna a rufe, kowa ya tafi bakin teku. Muka yi jarrabawa, na ci. Na yi Juma'ar ƙarshe a babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995, na kwana a filin jirgi saboda kuɗin otal ya fi ƙarfin abin da ya rage a aljihuna.