Fayil ɗin da na ɗauka shara ne

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗa tun farko cewa abin da zan ba ku labarinsa ni na jawo shi da yatsana. Sabis ya yi nasa laifin, amma nasa kaɗan ne.

Ina da ɗan shago a wani ƙauye cikin ƙasar Taura. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, firinta ɗaya, da farantin sola biyu a kan kwano. Aikina buɗe wa yara imel, duba musu sakamakon WAEC da NECO, da buga takardu. Bayan haka ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman riɗi, wato imel ɗin ƙungiya ma yana hannuna. Da can a littafi nake rubuta kalmomin sirrin mutane, kuma yawancinsu lambar wayar mai su ce kawai, ko sunansa da shekarar haihuwa. Wata damina gara ta cinye mini rabin littafin, sai ƙanena da ke karatu a Dutse ya sa mini KeePass, wata manhajar ajiye kalmomin sirri.

Ya kamata ku san yadda abin yake aiki, don rashin saninsa ne ya kayar da ni. KeePass, wanda wani Bajamushe mai suna Dominik Reichl ya fara a 2003, ba shi da wani ɗakin ajiya nasa a intanet. Duk kalmomin sirrinka yana zuba su ne cikin fayil guda, mai ƙarewa da .kdbx, ya kulle shi da babbar kalma ɗaya da kai kaɗai ka sani. A kwamfuta KeePassXC nake buɗe fayil ɗin da shi, a waya kuma KeePassDX. Wata manhaja ce daban take ɗaukar fayil ɗin daga waya ta kai ma'ajiyar intanet, ta sauko da shi kwamfuta, in an canza a can ta dawo da shi nan. Wannan kai-kawon shi ake kira daidaitawa. To ita manhajar dako ba ta iya leƙa cikin fayil ɗin, tunda a kulle yake. Kamar ɗan aike ne da aka ba ƙullin kaya biyu masu kama da juna: bai san abin da ke ciki ba, iyakarsa ya ce wannan aka ɗaure daga baya.

Wata Lahadi da kaka na je kasuwar Gujungu. Duk wanda ya san ranar kasuwa ya san yadda sabis yake komawa, ga sanduna cike a fuskar waya amma saƙo ɗaya sai ya yi ta juyi. A rumfar wani abokina yara suka same ni, na buɗe wa mutum shida imel da ƙyar, ina zuba kowanne a waya. A nan ne kuma shugaban ƙungiyarmu ya ce in canza kalmar sirrin imel ɗin ƙungiya, saboda wanda ya riƙe kujerata kafin ni har lokacin yana da tsohuwar. Na sa manhajar ta ƙirƙiro wata doguwa mai harafi ashirin, irin wadda ba mai iya haddacewa, na canza, na adana. Data ta ƙare mini kafin la'asar. Fayil ɗin bai tashi daga wayar ba, ni kuma ban duba ba.

Litinin da safe na buɗe kwamfuta a shago, na jona ta da wayar maƙwabcina. Na ƙara wasu abubuwa, har na shiga wurin imel ɗin ƙungiya na rubuta sabuwar lambar wayar ma'aji a gurbin bayani. Ban lura cewa yaran jiya ba sa ciki ba. Na adana, ya hau intanet. Da yamma na sayi data, waya ta farka, manhajar dako ta tarar da fayil biyu kowanne ya canza. Ta yi abin da ya dace da ita: ta bar na kwamfuta da sunan asali, na waya kuma ta ajiye shi gefe da wani dogon suna mai kwanan wata da lambobi.

Kwana biyu bayan haka waya ta dame ni da cewa wuri ya cika. Ina kwance bayan isha'i ina share bidiyoyin WhatsApp, na ga wannan fayil mai mummunan suna kusa da nawa. Na ce kwafi ne na banza. Na goge. Fayil ɗin gaba ɗayansa bai kai girman hoto ɗaya ba, garin neman gira na rasa ido.

Sati uku ban san komai ba, domin imel ɗin ƙungiya a buɗe yake a wayar shugaba, ba wanda ya nemi kalmar. Sai wayarsa ta faɗa rijiya, ya sayi wata, ya aiko jikansa ya kira ni. Muna zaune a zaurensa, ga masu sayen riɗi sun ce sun turo takarda ta imel, na kwafo kalmar sirri na sa, aka ce ba ita ba ce. Na sake, haka. Na nemi sunayen yaran Gujungu, babu ko ɗaya. Gumi ya karyo mini duk da sanyin hunturu ya fara.

“Malam sakatare, lafiya dai?”

“Lafiya lau, Alhaji, sabis ne. A ba ni zuwa gobe.”

Sabis ba shi da hannu a wannan, kuma ina jin shi ma ya gane.

Abin da na yi daga nan shi nake so kada ku yi. Na dinga danna daidaitawa, na kashe waya na kunna, na buɗe fayil na rufe ina adanawa, wai ko za su dawo. Kowace adanawa sabon kwafi take haifarwa ta tura tsohon baya. Na je wurin mai cajin waya na bakin tasha, wanda duk gari ake kai wa matsala, ya ce in goge bayanan manhajar ko in cire ta in sake saukewa, za ta gyaru. Wannan maganin yana yi wa wasu cututtukan aiki, shi ya sa yake ba kowa shi. A nan kuwa guba ne, domin in canjin da ka yi bai hau intanet ba, wayar da ke hannunka ita kaɗai ce take ɗauke da shi a duniya. Har na buɗe wurin gogewar, Allah ya sa na ce bari in kira ƙanena tukuna.

“Yaya, ka goge wani abu?”

“Ban goge ba tukuna.”

“To ka sa wayar a alamar jirgi da zarar mun gama magana. Kada ka sake buɗe komai. Kafin ka yi wani motsi, ka kwafe duk abin da ke cikin wannan foldar zuwa filasha.”

Haka na yi. Na katse waya da kwamfuta daga intanet, na kwafi fayil ɗin kowacce na sa masa suna da hannu, wannan na waya, wannan na kwamfuta, da kwanan ranar. Hikimar ita ce duk gwajin da za ka yi daga baya a kan kwafi za ka yi shi, in ka ɓata ka ɗauko wani. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa ganin wani fayil mai dogon suna. Na yi shiru. Ya ce, “Yaya, shirun nan naka ya ba ni amsa.”

Ga wuraren da ake nema, kuma da gaggawa, domin akwai wa'adi. Na farko wancan fayil na gefe. Kowace manhaja da yadda take sa masa suna: Dropbox yana rubuta conflicted copy a jikinsa, Syncthing kuma sync-conflict da kwanan wata. Duk inda ka gan shi, canjinka ne da aka rasa yadda za a yi da shi aka ajiye maka. In ka riga ka goge shi kamar ni, sai kwandon shara na ma'ajiyar, kuma ta burauza za ka shiga, ba ta manhajar dako ba. Google Drive kwana 30 yake riƙe abin da aka jefa kwando. Yana kuma ajiye tsofaffin zubin fayil na kwana 30 ko har guda 100, duk wanda ya riga cika, ka ga dalilin da ya sa yawan adanawa cikin ruɗu yake da haɗari. Dropbox na kyauta shi ma kwana 30 ne. Ni na tarar da nawa a kwando yana da kwana ashirin da biyu. Da wayar Alhaji ta ƙara kwana tara kafin ta faɗa rijiya, da labarin ya sha bamban.

Na sauke shi, na buɗe da babbar kalmata, ga yaran Gujungu. A nan ma sai da zuciya ta raya mini in ɗora shi kawai a kan na yanzu in huta. Da na yi haka da na zubar da aikin sati uku da na yi a shago. Abin da ake yi shi ne haɗewa. KeePassXC yana da wurin haɗe fayil biyu a jerin umarnin ma'ajiyar, kuma shi yana ganin ciki tunda ka ba shi makulli. Kowace shigarwa, wato bayanin asusu ɗaya da kalmar sirrinsa, tana da lambar shaida tata da lokacin da aka taɓa ta na ƙarshe, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wadda babu a nan ya kawo ta, wadda take duka biyun ya ɗauki ta baya-bayan nan. Saboda lokaci ne alƙali, ku duba agogon kwamfutarku. Irin tsofaffin da muke saya a Kano, da yawa ɗan batirin agogonsu ya mutu, sai ka kunna ka ga ta koma wata shekara can baya.

Bayan haɗewa na gwada imel ɗin ƙungiya da murna, aka sake cewa ba ita ba ce. Na kusa jifa da linzamin. Ashe lambar ma'ajin nan da na rubuta ranar Litinin ita ta sa shigarwar kwamfuta ta zama ta baya-bayan nan, aka ɗauke ta ɗungurungum da tsohuwar kalmar da ke cikinta. Ta Lahadin ba a zubar da ita ba, an tura ta tarihin shigarwar. In ka buɗe shigarwa don gyara za ka ga sashen tarihi, inda KeePass yake riƙe zubi har goma na baya in ba ka canza saitin ba. Can na same ta, harafi ashirin cif, da kwanan ranar kasuwa. Hannuna na rawa na buga ta, imel ya buɗe.

Masu amfani da wasu manhajojin ajiye kalmomin sirri irin su Bitwarden, wanda ajiyarsa take wurin kamfani, ba za su ga fayil biyu ba, amma su ma suna da inda za su duba. Abin da aka goge yana kwana 30 a kwando, kowace shigarwa tana riƙe kalmomi biyar na baya, kuma wurin ƙirƙirar kalma yana da tarihinsa a kan na'urar da aka ƙirƙiri kalmar da ita. Shi ya sa fita daga asusu a wannan na'urar kafin ka gama bincike kuskure ne. In kuma ka fitar da kwafi a matsayin CSV, ka sani a buɗe yake, duk wanda ya samu zai karanta kamar wasiƙa, ka goge shi da zarar ka gama.

Yara shida na ce, biyar na samu. Ta shidan wata yarinya ce daga ƙauyen gabas da mu. Na tuna ina cikin rubuta nata waya ta mutu, na ari abin caji, na ci gaba da hira, ban koma na danna adanawa ba. Abin da ba a adana ba babu kwandon da za a same shi. Muka bi ta hanyar an manta kalmar sirri, sai ga shi lambar da muka jona ta babanta ce, layin kuma ya ɓata tun kafin kaka, bai je an dawo masa da shi ba. Sai da na ɗauki dattijon a babur muka je Ringim, muka wuni a layi da katinsa na ɗan ƙasa. Man da abincin daga aljihuna. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, “Yaro, da ka rubuta mata a takarda.” Wannan ta fi faɗa zafi.

Yanzu kowane yaro na buɗe wa imel sai na rubuta masa kalmarsa a takarda ya tafi da ita, kuma lambar da ke hannunsa nake jonawa, in sa a kira ta a gabana ta yi ƙara. Kafin in rubuta komai a kwamfuta sai na duba ko abin da na sa na ƙarshe a waya ya iso, in bai iso ba na haƙura har ya iso. Na kunna saitin KeePassXC da yake ajiye kwafin fayil kafin kowace adanawa. Duk Juma'a bayan masallaci nakan kwafe fayil ɗin a filasha, in rubuta kwanan wata a sunansa, ba na goge na makon jiya. Babbar kalmar kuwa, wadda in ta ɓata ba wanda zai iya dawo da ita, tana cikin ambulan a ƙasan adakar Inna, tare da takardun gona. Ita ba ta san mene ne a ciki ba, ta dai ce duk wanda ya taɓa sai ya gaya mata dalili.