Abin da juya fayil a intanet ya koya min a shagon buga takardu

A shagon da nake aiki manhajar zane ta CorelDRAW ce komai namu, tun daga katin ɗaurin aure har fastar 'yan siyasa da allon makarantu, kuma kusan duk shagunan layinmu haka suke. To amma kwastoma ba ruwansa da manhajar da ke cikin kwamfutarka. Wani zai zo da tambarin ƙungiya da aka zana musu a Legas da Illustrator, fayil ɗin AI ne, wani ɗansa ne ya haɗa masa ya turo SVG, mai injin yankan ƙarfe kuma shi DXF yake so don shi injinsa ke ganewa. Shi ya sa shafuka irin su CloudConvert da Convertio suka zama abokan aikinmu, ka ɗora fayil, ka zaɓi abin da kake so ya koma, ka sauke. Gaskiya suna taimako sosai, amma duk wanda ya ɗauka da an sauke fayil an gama aiki, zai yi asarar leda da tawada.

Abu na farko da ya zauna min a kai shi ne bambancin bekto da hoto. Zanen bekto lissafi ne, ɗigo nan ɗigo can da layin da ya haɗa su, shi ya sa ko ka faɗaɗa shi ya cika bango ba ya dusashewa. Hoto irin JPG ko PNG kuwa ƙananan murabba'ai ne aka jera, ka ja shi ya fashe. Akwai wani Alhaji mai makarantar Islamiyya da ya kawo SVG yana murna wai yaronsa ya riga ya juya, a buga masa allo mai faɗin ƙafa 10. Da na buɗe na zuƙo kan tambarin sai ga bakin harufan duk sun yi tsani-tsani, ashe hoton da aka tura ta WhatsApp ne shafin ya naɗe cikin SVG kawai, suna ya canza amma abin da ke ciki yana nan yadda yake. Na juya masa allon kwamfutar nace ranka ya daɗe duba nan, wannan sai an sake zana shi da hannu. Wasu shafukan suna ƙoƙarin bin sawun hoton su fitar da layuka, kamar yadda PowerTrace ke yi a Corel, amma in hoton ƙarami ne sai ka samu ɗigo barkatai da gefe mai karkace-karkace, gyaransa ya fi sabon zane cin lokaci.

Sai maganar rubutu, wadda ita ta fi damuna saboda ta shafi harshenmu kai tsaye. Sau da yawa fayil ba ya ɗauke da salon rubutun da aka yi amfani da shi, sunansa kawai yake riƙewa, in kwamfutar da ke juya fayil ɗin can wata ƙasa ba ta da shi sai ta sa wanda ta ga dama, layi ya zarce iyaka, tazara ta lalace. Mu kuma ga ƙ da ɗ da ɓ, salon rubutu da yawa ba su da su sam, sai ka ga an rubuta ɗaurin aure amma ɗ ɗin ya koma ɗan akwati ko ya ɓace gaba ɗaya, kuma ido yakan tsallake wannan in ana sauri. Maganinsa kafin a ɗora fayil ake yi, a mayar da rubutun zane, a Corel Ctrl+Q ne, a Illustrator kuma Ctrl+Shift+O. Sai dai ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, don gobe za a iya dawowa ace an ɗaga ranar biki.

Kala ma haka. SVG don shafukan intanet aka ƙirƙire shi, W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da shi a 2001, kuma da RGB yake aiki wato kalar haske ta fuskar waya da kwamfuta, injin buga takarda kuma CMYK yake sha, wato haɗin tawada kala huɗu. In ka bi da aikin kamfani ta SVG lambobin kalarsu na CMYK sun tafi kenan, kore mai haske ya fito a dushe, shuɗi ya karkata ya zama kamar shunayya, kuma kamfanoni ba sa wasa da kalar tambarinsu. Don haka in aikin na bugawa ne PDF nake zaɓa. Ai ma tun Illustrator 9 da ya fito a 2000 fayil ɗin AI kan PDF aka gina shi, sau da yawa yana buɗuwa ba sai ka je intanet ba.

Girma kuma a auna shi kullum. Illustrator yana lissafin ɗigo 72 a inci ɗaya, Inkscape na yanzu, wata manhajar zane, kuma 96, don haka in fayil ya tashi daga wannan zuwa waccan sitikar santimita 12 sai ta iya fitowa 9 ba tare da wani gargaɗi ba.

Fayil ɗin CDR, wato na CorelDRAW, shi ne mai taurin kai, domin Corel ba su buɗe wa kowa yadda aka tsara shi ba, shafukan nan da ƙoƙarin masu binciken da suka warware shi suke dogara, shi ya sa inuwa da PowerClip (hoton da aka cusa cikin wata siffa) da abin da ake hango bayansa sukan fito a hargitse. In wani ya turo CDR na sabuwar Corel alhali tsohuwa X7 gare mu, ya fi sauƙi in kira shi nace don Allah malam ka sake ajiye min a tsohon tsari ko ka fitar da PDF, minti biyu ya gama.

Akwai kuma ayyukan da bana ɗorawa ko da shafin zai juya su tsaf. Katin shaidar ɗalibai da hotunansu da lambobin iyayensu, hatimin kamfani, sa hannun shugaban makaranta, waɗannan amana aka ba mu. Shafukan suna cewa suna goge fayil bayan wasu awanni, ƙila haka ne, amma mai kayan bai ba ni izinin kai shi kwamfutar wasu ba, kuma hatimi in ya faɗa hannun da bai dace ba takardar bogi za a yi da shi. Irin waɗannan da Inkscape nake juya su a cikin kwamfutar shago, kyauta ne, yana buɗe SVG da PDF ya fitar da EPS ko DXF, kuma ba ya buƙatar data balle ka zauna jiran netwok kwastoma na tsaye a kanka.