Wasiƙa daga Jamus zuwa ga 'yan uwana na Kebbi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ga iyaye da 'yan uwa na Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri, ina son in ba ku labarin abin da na gani a masana'antar motocin da nake aiki a nan Jamus.

Kamfaninmu yana da rassa a ƙasashe da dama. Bara shugabanni suka tara mu, suka ce idan ba mu amince a ƙara mana lokacin aiki ba, za a mayar da ƙirar sabuwar mota Sifen, domin ma'aikatan can sun riga sun yarda. Wakilinmu, wani dattijo mai walda wanda ba ya rabuwa da ƙaramin littafi a aljihun riga, bai ce uffan ba. Ya fita ya buga wa takwaransa na Sifen waya, ashe su ma an gaya musu cewa mu ne muka riga muka yarda.

Mutanen biyu sun san juna ne a majalisar wakilan ma'aikata ta Turai. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa duk kamfanin da ke da ma'aikata 1,000 a ƙasashenta, kuma aƙalla 150 a kowace ɗaya daga cikin ƙasashe biyu, ma'aikatansa suna da haƙƙin neman a kafa musu wannan majalisa, wadda take zama da shugabanni, tafintoci suna fassara, kuɗin tafiya kuma yana wuyan kamfani. Volkswagen ma ya riga dokar, domin ya kafa tasa tun 1990.

Kada dai ku ɗauka tana iya hana a rufe masana'anta. Haƙƙinta shi ne a sanar da ita, a kuma ji ta bakinta kafin a yanke hukunci. A 1997 Renault, kamfanin motoci na Faransa, ya ba da sanarwar rufe reshensa na Vilvoorde a Beljiyam bagatatan, kotu a Faransa ta ce ya saɓa ƙa'ida, amma hakan bai hana mutum kusan 3,000 rasa abincinsu ba. Duk da haka, a ganina, ko don wayar nan ta dattijo majalisar ta biya kuɗin sabulu.

Ranar na tuna kawuna marigayi, wanda ya bar Jega ya yi shekaru yana harhaɗa Peugeot a Kaduna. Kayan motar suna zuwa masa daga Faransa a cikin akwatuna, amma har ya bar aiki bai san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera su ba. Allah ya ji ƙansa.

Wassalam, naku a Jamus.