Daga Aboabo zuwa Tafkin Bosomtwe: kayan da jakar mai shiga daji take buƙata

Tafkin Bosomtwe kusan kilomita 30 ne kudu maso gabas da Kumasi, shi ya sa mutanen Zango suka mai da shi wurin shan iska bayan Sallah: a cika mota, a sauka ƙauyen Abono da ke bakin tafkin, a ci soyayyen kifi, a ɗau hoto, a dawo kafin magariba. Barin Abono a ƙafa, a ratsa gonaki da kurmi har a hau bakin ramin da tafkin yake ciki a kwana, wata tafiya ce daban, kuma ita muka yi da wasu 'yan unguwarmu ta Aboabo, cikin Kumasi, a ƙarshen ƙaramar damina, wajen watan Nuwamba. Akwai ma'aikacin jinya a cikinmu, shi ya duba akwatin magani kafin mu tashi.

Sanin siffar wurin shi ke faɗa maka abin da za ka ɗauka. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5, ruwa ya taru a ciki, faɗinsa kamar kilomita 8, zurfinsa kusan mita 80, ba shi da mafita. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Duwatsu sun kewaye shi, tsayinsu ya haura mita 200 daga bakin ruwa. Wato gangara kake yi da safe kana da ƙarfi, hawa kuma sai rana ta take, a cikin iska mai gumi wadda ba ta motsi. Waya ma tana ɗaukewa a wasu kwaruruka.

Daren tafiya muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya zazzage jakarsa. Ƙa'idar da muka bi ita ce kada jaka ta wuce kashi 1 cikin 5 na nauyin mai ita: mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14. Ruwa kaɗai zai ci kilo 4, don haka duk wanda ya zo da lasifikar kiɗa ko tukunyar ƙarfe sai ya mayar. Ana fara zura babbar baƙar leda cikin jakar, sannan a zuba kaya a ɗaure bakinta, domin ruwan saman kurmi ba ya jin kunyar jaka mai tsada. Masu nauyi su jingina da baya, akwatin magani da rigar ruwa da tocila su zauna a sama, inda hannu zai kai ba tare da an kwance komai ba. Kafin barci mun bar wa Baba takarda: hanyar da za mu bi, sunayenmu, lokacin dawowa, da lokacin da in ya wuce ba a ji mu ba a fara nema. Wannan takarda ba ta da nauyi, amma in aka rasa ta, babu mai sanin inda za a dosa.

Bayan asuba muka shiga torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, ta hanyar Atonsu zuwa Kuntanase, daga nan tasi ta gangara da mu Abono. A Kuntanase akwai asibitin gwamnati. Ka riƙe wannan, ka kuma tambaya tun kana wucewa ko suna da maganin dafin maciji a lokacin, saboda ba ranar sara ake fara wannan tambaya ba. A Abono muka ɗauki ɗan gari ya yi mana jagora. Taswirar da ka sauke a waya tana nuna maka inda kake, amma ba ta san wace hanyar gona ce zaftarewar ƙasa ta cinye bana ba, ba ta kuma iya gaisawa da mai gona da yaren Asante.

Hanyar farko tana bin gaɓa, masunta na zaune a kan katakon da ke zaman kwalekwalensu suna tuƙi da hannu. Ba a yi nisa ba gumi ya jiƙe kowa. A irin wannan zafi mutum yana buƙatar kamar rabin lita a kowace awa ta tafiya, wato ledar ruwa guda. Lita 4 muka fara da ita kowannenmu, a gorunan roba, saboda leda tana fashewa a jaka. Duk da haka kowa ya riƙe leda 2 ko 3 a cikin kwano mai murfi, don suna da wani aiki da zan zo kansa. Sha ake yi kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai zo ba, ma'auninka kuwa fitsari: in ya yi ja ya ragu, kana baya. Ruwan alwala daban yake da lissafin nan. Inda akwai tafki ko rafi, a yi da shi.

Ruwan rafi, komai garau ɗinsa, ya ratso gonaki da bayan ƙauyuka. A tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa har ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs a jira minti 30. Inda ake kuskure shi ne girman ƙwayar: akwai ta lita 1, akwai ta jarka mai lita 20. Ka jefa ta jarka a gora, ruwan ba zai shawu ba; ka jefa ta gora a jarka, ka sha ƙwayoyin cuta da kwanciyar hankali. Karanta jikin takardar. Ruwa mai laka kuma yana cinye ƙarfin kulorin, shi ya sa tacewa take gaba.

Ƙafa ce ta fara kawo ƙara, kamar yadda ta saba. Wani ƙaninmu ya ce dunduniyarsa tana zafi, ya so ya daure. Nas ya ce masa: "Zauna, ƙanena, cire takalmin yanzu." Wurin ya yi ja amma bai ɗuri ruwa ba tukuna. Ya goge shi ya bushe sarai, ya yanko filasta mai ƙarfi wadda ta fi jan faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe, ya zagaye kusurwoyinta da almakashi don kada safa ta ɗaga su, ya manna ba tare da ta tattare ba, ya murza da tafin hannu har ta kama. Minti 5 aka ɓata. In da bororo ya riga ya tashi, ƙarami a bar shi, a kewaye shi da ƙyallen da aka huda tsakiyarsa. Babba mai hana taku sai a wanke, a huda gefensa da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar a wurinta, a rufe. Abin da ke jawo shi sabon takalmi ne, da safar auduga mai riƙe gumi, da kuma mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala. Takalmin gwanjo na kasuwar Kejetia ya wadatar in gindinsa na da haƙora, ya ɗan fi ƙafarka girma, ka kuma yi kwanaki kana yawo da shi a gari. Dogon takalmin roba na manoman koko yana kare ƙwauri daga laka da sara, amma a hawan dutse shi ne uban bororo. Ni ban ba da shawararsa ga mai doguwar tafiya ba.

Da muka juya wa tafki baya muka fara hawa, ciyawa ta rufe hanya, jagora ya shiga gaba da adda. A nan maganar maciji ta taso, don ita ce ke ran kowa. Wannan yanki akwai kasa, akwai kumurci mai tofi, akwai koren maciji na bishiya. Kasa ba ta gudu, kwanciya take cikin busasshen ganye, shi ya sa ake taka ta. Rigakafin ba wuya: dogon wando mai kauri, sanda a gaba cikin ciyawa, kada hannu ya shiga rami ko ƙarƙashin kututture, da dare kada a taka ƙasa sai da haske. In sara ya auku, a janye mutum daga wurin, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in kumburi ya zo, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar ɗorin karaya don kada ta motsa, a rubuta lokacin, a ɗauke shi a kai shi mota. Kada a bar shi ya taka da kansa in akwai yadda za a yi. Ba a ɗaure sama da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, baƙin dutse kuma ba ya zuƙe dafi. Ɗaurin igiya yana tare jini har gaɓa ta mutu, tsaga kuwa a jikin wanda dafi ya hana jininsa daskarewa ƙofar zubar jini ce. Don ciwo a ba shi farasitamol, ban da asfirin da ibuprofen, su ma suna ƙara zubar jini. Kada a tsaya farautar macijin. Hoto daga nesa ya isa in ya samu. In kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ko fiye, sannan asibiti. Addu'a muna yi, amma muna yin ta ne a hanyar asibiti, domin maganin dafi can yake.

Raunin da ya fi sara yawa a irin wannan hanya na adda ne da ƙaya da zamewa a kan dutse. A nan ledar ruwa take aiki: ka huda kusurwarta da fil, ka matsa, ruwa ya fito siriri da ƙarfi ya kore ƙasa daga cikin ciwon. Leda 1 ko 2 ga ƙaramin yanka. Aidin a shafa a gefe, sifirit kada ya shiga ciki, balle man goge baki ko toka ko baƙin mai. In jini na zuba, a sa safar hannu, a danna ƙyalle mai tsabta da ƙarfi minti 10 cur ba tare da ɗagawa a leƙa ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ciwon da ƙasa ta shiga yana son a duba maganar allurar tetanus in an koma gari.

Akwatin namu roba ce mai murfi irin ta abinci. A ciki akwai ƙyallen rauni na cikin leda guda 10, bandeji mai talewa na santimita 10 guda 2 don targaɗe, ƙyalle mai kusurwa uku don rataye hannu, naɗin filasta, safar hannu ƙafa 3, almakashi, matsefata, fil, aidin, farasitamol na miligiram 500, maganin ƙaiƙayi setirizin don harbin ƙudan zuma, da gishirin ORS guda 6. Babba yana shan farasitamol 2 a lokaci guda, tsakani awa 4 zuwa 6, kada ya wuce 8 a kwana. Mai asma ko ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa a aljihunsa, ya kuma faɗa wa abokan tafiya inda yake. Harbin zuma in ya zo da kumburin fuska da sarƙewar numfashi, ya fi ƙarfin setirizin, a kama hanyar asibiti nan take.

Kusa da ƙoli wani yayanmu ya fara jin jiri, ƙwaurinsa na ɗaurewa. Gumi ya tafi da gishirin jikinsa. Aka zaunar da shi a inuwa, aka sassauta riga, aka jiƙa masa wuya da hammata, aka dama ORS: ƙunshi 1 a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, don ba duka ne na lita 1 ba. In babu, lita 1 ta ruwa, wato leda 2, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi aiki. Da mutum zai fara sambatu ko ya kasa gane mutane, jikinsa ya yi zafi rau, to an wuce nan: a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, a kira lambar gaggawa ta 112. In kira ya ƙi shiga, a hau tudu a tura wa na gida saƙon rubutu da lambobin wurin da taswira ta nuna.

A nan ƙasar rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, cikin kurmi kuma duhu yana riga ta. Ƙarfe 4 muka tsaya, jagora ya nemo mana izinin mai gona. Kafin a shimfiɗa komai a duba ƙasa: in ka ga jerin kwarkwasa, ka matsa nesa, a sama kuma kada a kwana ƙarƙashin busasshen reshe. Tamfol mai mita 3 da 3 da igiya mita 15 sun isa rumfar mutum biyu, a karkata rufin don ruwa ya gangara, gidan sauro a ƙarƙashi a cusa bakinsa. Tocila ta goshi ta fi ta hannu, da batir na ajiya. Hasken waya ba tocila ba ne, cajin da za ka nemi taimako da shi kake ƙonawa. Kamfas na hannu ya ba mu alƙibla, kusan digiri 65 daga arewa, shi ne kuma zai fitar da mu in waya ta mutu. Kowa na da usur a wuya: busa 3 a jere na nufin neman agaji, kuma yana kai inda murya ba ta kai.

Wuta: laita 2 a wurare daban, ashana a kwalbar magani, da auduga da aka cuɗa da basilin, wadda ke ci na wasu mintuna ko itace na da danshi. A share ganye a kewaye, a kashe da ruwa har toka ta yi sanyi. Gana na da dokar hana gobarar daji ta 1990, kuma lokacin hunturu tartsatsi ɗaya na iya cinye gonar kokon da mutum ya yi shekaru yana reno. Abinci wanda ba ya son dahuwa muka fi ɗauka: gari da sukari da gyaɗa, dabino, ƙuliƙuli, kifin gwangwani da shito, soyayyen yajin nan na Gana. Da dare aka yi yayyafi, sanyi ya sauko, kowa ya ciro busasshiyar rigar da ya ɓoye a leda.

Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Saukowa ta fi hawa jawo targaɗe, laka ce a kan dutse ga gwiwa ta gaji. Gajeren taku da sanda, a ƙara ɗaure igiyar takalmi don yatsu su daina dukan gaba. Mun fito titi kafin azahar, muka sami mota zuwa Kuntanase, daga nan aka yi wa Baba waya. A gida aka shanya tamfol da gidan sauro, aka cire batir daga tocila don kada ya zubo, aka mayar da filasta da ORS ɗin da aka taɓa. Nas ya gargaɗe mu cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa sai bayan mako 1 ko fiye, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi a makonnin da ke tafe ya je a gwada jininsa kafin ya sha komai.