Wasiƙa daga Frankfurt: Matar da ta riƙe gida da fiyano

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya harkoki. Mu nan sai fama da sanyi.

Duk wanda ya zauna a Jamus kafin 2002 ya san fuskar matar da zan ba ku labarinta, ko da bai san sunanta ba, domin hotonta ne a jikin shuɗiyar takardar mak ɗari kafin yuro ya kore ta. In ka juya bayan takardar, fiyano ne. Sunanta Clara Schumann, kuma a garin nan ta ƙare rayuwarta.

A Leipzig aka haife ta a 1819. Mahaifinta Friedrich Wieck malamin fiyano ne mai tsauri, tun tana shekara biyar ya ɗora ta a kan darasi kullum. Tana shekara tara ta hau dandalin Gewandhaus, babban zauren kiɗa na Leipzig, tana sha takwas fadar Vienna ta ba ta muƙamin makaɗiyar sarki. Da ɗalibin uban, Robert Schumann, ya nemi aurenta, tsohon ya ce sam. Sai da aka je kotu kafin a ɗaura aure a 1840.

A 1854 ciwon taɓin hankali ya ci ƙarfin Robert, ya faɗa kogin Rhine a Düsseldorf. Aka tsamo shi, aka kai shi asibiti kusa da Bonn, can ya rasu a 1856. Ya bar ta da 'ya'ya bakwai, tana da shekara 36. Sai ta ɗaura ɗamara. Kowane hunturu tana kan hanya, jirgin ƙasa da na ruwa, Ingila, Rasha, Holand, yaran kuma an rarraba su tsakanin dangi da makarantun kwana. Har yau akwai masu ganin laifinta a kan wannan. Ni ban gani ba. Kuɗin haya da na makaranta da na magani duk daga yatsunta suke fitowa, wa zai biya in ta zauna?

Abin da ya fi burge ni shi ne yunwa ba ta sa ta bi son kasuwa ba. A lokacin, makaɗa kan cika dare da kiɗan nuna bajinta, gudu da ƙara, a yi tafi a watse. Ita kuwa ta dage kan kiɗan manyan mawallafa irin su Bach da Beethoven da Chopin, da ayyukan mijinta da na amininsu Brahms, kuma da ka take kaɗawa, ba takarda a gabanta, abin da bai zama ruwan dare ba a zamanin. Waɗanda suka gan ta sun ce yatsunta ba sa nisa da maɓallan, dannawa take yi, ba duka ba, shi ya sa sautin ke fita da kauri ba tare da kaushi ba.

A 1878 makarantar kiɗa ta Hoch a nan Frankfurt ta ɗauke ta, ita kaɗai ce mace a cikin manyan malamai. Kuma ita ta gindaya sharuɗɗa: a gidanta za ta koyar, awa ɗaya da rabi a rana, hutun wata huɗu a shekara. Suka amince, don sun san wa suka samu. 'Ya'yanta Marie da Eugenie su ke fara gyara wa ɗalibi hannu kafin ya kai gaban uwar. Dokarta ɗaya ce: ka kaɗa abin da mai kiɗan ya rubuta, kada ka yi masa kwalliyar da bai nema ba. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila da Amurka.

Wasanta na ƙarshe a bainar jama'a a 1891 ne, bayan sama da shekara sittin a dandali. Ta rasu a 1896, aka kai ta Bonn kusa da mijinta. Ba ta bar faifai ko ɗaya ba, amma ɗalibanta Fanny Davies da Adelina de Lara sun bari. Mai data ya nemi sunayensu a YouTube. Faya-fayan tsofaffi ne, akwai ƙarar ƙura, sai a yi haƙuri da ita.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Frankfurt